Yadda Ake Share Rumbun Burauza

Sau da yawa hukuma takan sake ranar jarrabawa, ta sanar a shafinta na intanet, amma ɗalibi ya buɗe ya tarar da tsohon labari, har ranar ta wuce shi bai sani ba.

Dalili kuwa shi ne, kowace burauza, kamar Chrome ko Firefox, tana da wani ɗan rumbu inda takan ajiye hotuna da sassan shafin da aka taɓa buɗewa, don kada ta sake ɗauko su daga nesa. Wannan dabara tana rage jira da kuɗin data. Amma wani lokaci sai ta miƙo tsohuwar ajiya, alhali kuwa an sabunta shafin.

Maganin abin ba wuya. Mai kwamfuta ya danna Ctrl da F5 tare. In sabon bai fito ba, ya danna Ctrl da Shift da Delete, ya zaɓi ajiyayyun hotuna da fayiloli, ya share. Mai waya kuwa ya taɓa ɗigo ukun nan na kusurwar Chrome, ya shiga wurin share bayanan bincike.

Sai dai a lura ƙwarai, kada a haɗa da kalmomin sirri, don wanda bai haddace nasa ba zai sha wahala kafin ya sake shiga.