Sunayen Raunukan Ƙashi da Gaɓa: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Bayan kaka, sa'ad da a ke dambe da kokawa a ƙasashen Dutsin-Ma da Kurfi, da lokacin hawan Salla, da kuma wurin ƙwallon ƙafa, samari su kan ji rauni. Sau da yawa labarin da dagaci ya ke aiko wa Yandaka ko Maraɗi bai wuce "wane ya karye" ba, alhali kuwa jikin baligi yana da ƙashi 206, raunukansu kuma iri iri ne. Saboda haka ya kamata malamin Hakimi ya san sunan kowane.

1. Karaya. Watau ƙashi ya rabu biyu ko fiye. In bai rabu sarai ba, a kan ce tsagewa.

2. Karaya mai rauni. Ƙashi ya karye, fata kuma ta fashe a wurin. Wannan ta fi hatsari, domin ƙazanta tana shiga har cikin ƙashi ya yi mugunya. A rufe da tsabtataccen ƙyalle, a kai asibiti ran nan.

3. Gocewa. Kan ƙashi ya fita daga mazauninsa, yawanci a kafaɗa. Kada a ja da ƙarfi.

4. Targaɗe. Jijiyoyin da ke ɗaure gaɓa sun miƙe ko sun yage, ƙashi kuwa lafiya. An fi samunsa a idon sawu. A huta, a ɗaga ƙafar, a sa ruwan sanyi.

5. Sanyin ƙashi. Ciwon gaɓa da sagewa, musamman gwiwar tsofaffi, sa'ad da guringuntsi ya cinye.

Ido kaɗai ba ya rabe targaɗe da tsagewa, sai hoton ƙashi. Ana iya fara zuwa Babban Asibitin Dutsin-Ma. Abin da ya gagara a kan tura shi gaba, har Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959.

Babban abin tsoro shi ne ɗori mai tsauri. Wurin da ya karye ya kan kumbura, in an matse shi da karare da tsumma sai jini ya kasa wucewa, naman ya mutu. Ta haka yara su ke rasa hannu a kan karayar da za ta warke cikin 'yan makonni. In yatsu sun yi sanyi, ko sun yi baƙi, ko sun daina ji, ko zogi ya yi ta ƙaruwa, a sassauta ɗaurin nan da nan a tafi asibiti, kada a jira gari ya waye.

Wanda ya faɗo daga doki yana kukan wuya ko baya, kada a zaunar da shi. A ɗauke shi a miƙe bisa ƙyaure.

Ana roƙon Hakimai su sa a karanta wannan ga dagatai, da masu unguwanni, da maɗora, da sarakunan dambe.