Yadda Za Ka Rubuta Macro Na LOG A Yaren C, Ko Da A Waya Kake Aiki



Kwanakin baya wani abokina mai shagon kayan waya a kasuwar Farm Centre ya ce in rubuta masa ɗan shirin lissafin kaya. A gida, nan Gyaɗi-Gyaɗi, na rubuta shi da yaren C a wayata, cikin manhajar Termux. Da muka gwada, lissafin caja bai yi daidai da abin da ke kan kanta ba. Sai na zuba printf ko'ina don in ga inda lissafin ya karkace, har na kasa gane wane saƙo daga wane layi yake fitowa. Wajen goge su kuma na haɗa da wani layi mai amfani.

Maganin wannan wahala shi ne macro guda ɗaya.

Mataki na farko

Macro umarni ne da ake maye gurbinsa da rubutu kafin a harhaɗa shirin. Tun ƙa'idar C99 ta 1999 aka yarda macro ya karɓi bayanai ko nawa ne:

```c
#include <stdio.h>
#define LOG(fmt, ...) \
    fprintf(stderr, "[%s:%d] " fmt "\n", \
            __FILE__, __LINE__, __VA_ARGS__)
```

Ɗigo ukun nan suna nufin "da duk abin da ya biyo baya", `__VA_ARGS__` kuma shi ke ɗauko su. `__FILE__` sunan fayil ne, `__LINE__` lambar layi. Idan ka rubuta:

```c
LOG("saura %d, farashi %d", saura, farashi);
```

za ka ga irin wannan: `[shago.c:42] saura 7, farashi 1500`

Lura: dole `fmt` ya zama rubutu ne kai tsaye cikin alamar zance, domin liƙa shi ake yi da na gefensa.

Tarkon waƙafi

Gwada `LOG("an fara");` ka gani, shirin zai ƙi harhaɗuwa. Dalili kuwa, `__VA_ARGS__` ya zama fanko, sai waƙafin da ke gabansa ya rage shi kaɗai. Hanyoyin gyara biyu ne:

1. Ka rubuta `##__VA_ARGS__`. GCC da Clang duk sun san shi, suna share waƙafin idan babu komai. Ko `pr_info` na cikin Linux da shi yake aiki.
2. Ka rubuta `__LINE__ __VA_OPT__(,) __VA_ARGS__`. Wannan ita ce hanyar da ƙa'idar C23 ta kawo.

A Termux, da `pkg install clang` za ka samu Clang, kuma hanya ta farko ta wadatar.

Kunnawa da kashewa

```c
#ifdef DEBUG
#define LOG(fmt, ...) \
    fprintf(stderr, "[%s:%d] " fmt "\n", \
            __FILE__, __LINE__, ##__VA_ARGS__)
#else
#define LOG(...) ((void)0)
#endif
```

Lokacin gwaji: `clang -DDEBUG shago.c -o shago`. Ranar miƙa aiki ka cire `-DDEBUG`, duk saƙonnin su ɓace ba tare da ka goge ko layi ɗaya ba. Tunda ta `stderr` suke fita, za ka iya tara su a fayil daban: `./shago 2> bincike.txt`.

Hattara da abu biyu

Kada ka sa lissafi a cikin LOG. Idan ka rubuta `LOG("%d", saura--);`, da zarar ka kashe DEBUG ragewar ta tafi tare da saƙon. Shiri zai yi daidai a wajenka, ya yi kuskure a wajen mai shago, kuma kuɗinsa ne a ciki.

Na biyu, kada ka rubuta lambar sirri ko lambar wayar kwastoma a cikin saƙon. Fayil ɗin zai iya faɗawa hannun kowa.

Da wannan macro na gano cewa sau biyu nake rage caja a ciniki ɗaya.

Aikin gida: rubuta `LOG_KUSKURE` wanda zai ci gaba da aiki ko an kashe DEBUG. Sai mun haɗu a darasi na gaba, in sha Allah.