Wankan Ganye Ga Mai Jego

Tun kaka da kakanni, mace in ta haihu a ƙasar Hausa akan dafa mata ruwa da ganye, ta yi wanka safe da yamma har kwana 40. Akan ɗaure ganyen tsamiya ko na darbejiya, a tsoma shi cikin ruwan, a riƙa fyaɗa wa jiki. Ita darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina, baƙuwa ce, asalinta daga Indiya, amma yau da wuya a sami unguwar da babu ita.

Lalle wannan al'ada tana da amfani. Ruwan ɗumi yana sassauta jijiyoyi, ya rage ciwon baya da na ƙugu, ya sa barci. Wanka sau biyu kullum yana kawo tsabta a lokacin da jinin biƙi ke zuba. Har wa yau, mai jego takan sami hutu, don 'yan'uwa su ke ɗauke mata aikin gida, wannan kuwa ba ƙaramin magani ba ne.

Inda haɗarin yake shi ne zafin ruwan. Waɗansu tsofaffi suna ganin in ruwa bai kusa tafasa ba, sanyi zai shiga jikin mai jego. Wannan kuskure ne. Zafin jikin mutum digiri 37 ne, ruwan wanka kuwa bai kamata ya wuce haka da yawa ba. Ruwan da ya kai digiri 60 yana ƙona fata cikin daƙiƙa kaɗan, ƙunar kuma in ta sami nono ko wurin ɗinki, ga miki ga wahalar shayarwa. Saboda haka a sirka ruwan, a gwada da gwiwar hannu. In hannu bai jure ba, a ƙara sirkawa. Wadda aka yi wa aiki ta nemi iznin likita tukuna. Jariri kuwa, ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu mara ƙarfi sun ishe shi, ba sai da ganye ba.

A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka zargi wankan zafi da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta da yawan shan kunun kanwa. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya fi karkata ga ƙarancin abinci mai gina jiki da hawan jini. Duk da haka kanwa dangin gishiri ce, yawanta yana tara ruwa a jiki, sai a taƙaita.

In mai jego ta ga ƙafafunta sun kumbura, ko numfashi yana yi mata wuya in ta kwanta, ko zazzaɓi ya kama ta, ko jini ya yi yawa ko yana wari, kada a ce za a ƙara ganye a tukunya. A kai ta asibiti a ranar.