Ruwa Da Mazubinsa

Jama'a, gargaɗin da aka saba yi mana a kan ruwan sha shi ne a tace, a tafasa, a rufe bakin rijiya. Duk daidai ne. Amma ruwa yakan fito daga famfo garau, ya je ya lalace a cikin abin da aka zuba shi.

Kakanninmu randa suka sani da tulu. Mu kuwa ruwanmu a roba yake kwana: bututun roba ya kawo shi, tankin roba ya tara shi, ɗan ga-ruwa ya turo shi cikin jarkoki a kura. Ita roba haɗi ce. Ana sa mata sinadarai, wasu don ta yi laushi, wasu don ta jure rana, wasu don launi. In ruwa ya daɗe a cikinta, balle da zafi, sai wasunsu su riƙa tsattsafowa. Duk wanda ya taɓa fasa ruwan leda da aka jibge a rana bakin shago, ya ji warin roba a bakinsa, ya san zancen.

Wanda harshe ke ji ma da sauƙi. Akwai sinadarin binil kulorayid, wanda da shi ake yin bututun PVC. A 1974 aka gane yana jawo ciwon dajin hanta, bayan cutar ta kama ma'aikatan wata masana'antar roba a Luwisbil ta Amurka. Daga nan aka matsa wa masu yin bututu su rage ragowarsa a jikin roba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce maikirogiram 0.3 a lita ɗaya, wato ko a lita miliyan bai kai sulusin giram ba. Ina hancin da zai shinshino wannan?

Don haka ake gwaji. Ga yadda suke yi a Turai. Sai a yanko bututu, a wanke shi, a cika shi da ruwan da aka san abin da ke cikinsa, a toshe. A ajiye shi awa 72 a zafin digiri 23, a juye, a sake cikawa, har sau uku. A gefe kuma ana ajiye wani ruwan da bai taɓa bututun ba, don kwatanci. Sannan a sa ruwan a na'urar da ke rarrabe sinadarai, ta auna kowanne. Wani kason kuwa mutane ake ba, waɗanda aka horar, su sansana su ɗanɗana. Bututun kirki, abin da yake saki raguwa yake yi daga cikawar farko zuwa ta uku.

A Nijeriya, ingancin kaya aikin hukumar SON ne, ruwan leda da na gora kuma na NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Ka duba lambarta kafin ka saya. Sai dai lamba shaidar masana'anta ce, ba ta san kwana nawa ledar ta yi a rana ba.

Abin da ya fi damuna shi ne jarkar maganin feshi. Bayan damina sai ka ga an ɗauraye ta da omo, an ba yaro ya tafi rijiya. Roba takan tsotse dafin, ta riƙa mayar da shi kaɗan-kaɗan, tafasawa kuma ba ta kashe shi kamar yadda take kashe ƙwayoyin cuta. Malaman gona abin da suke koyarwa shi ne, in magani ya ƙare, a ɗauraye jarkar sau uku, a juye ruwan cikin tankin feshi, sannan a huda gindinta da ƙusa.