Darasin Juma'a: Sadaka a Ƙofar Masallaci, ko Aiki a Cikin Shago?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. 

Tambaya ce ta jawo darasin wannan mako. Wani ɗan'uwa mai shagon hatsi ya tare ni bayan sallar isha'i, ya ce: "Malam, akwai yaron nan gurgu da ke zama a bakin ƙofa ran Juma'a. Ɗan garinmu ne, ya gama sakandare, wallahi lissafinsa ya fi nawa. Ina so in ɗauke shi ya riƙe mini littafin bashi, amma abokan sana'a sun ce wahala zan jawo wa kaina, wai in ci gaba da ba shi sadakarsa kawai. Ga shi kuma na ji a rediyo ana ba wasu kamfanoni lambar yabo don sun ɗauki irinsu aiki, ni kuwa ina gudun a ce neman suna nake."

To, abu uku ya tambaya a dunƙule. Shin naƙasasshe zai iya aiki? In an ɗauke shi, mene ne haƙƙinsa? In mutane suka yaba wa wanda ya ɗauke shi, ladan ya tafi ke nan? Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya in Allah Ya yarda.

Na farko: ladanin da bai taɓa ganin alfijir ba

Kowa a cikinmu ya san Suratu Abasa, sura ta 80. Yaran Islamiyya ma suna karanta ta a ka. Ta sauka ne a kan Abdullahi ɗan Ummi Maktum (RA), sahabi makaho, wanda ya zo neman ilimi a lokacin da Manzon Allah (SAW) yake magana da manyan Ƙuraishawa. Allah Ya nuna wa AnnabinSa cewa wannan makahon mai neman tsarkaka ya fi cancantar a fuskance shi a kan masu dukiyar da suka juya baya.

Abin da ba mu cika tsayawa a kai ba shi ne abin da ya biyo baya a Madina. Ba a zaunar da Ɗan Ummi Maktum a ƙofar masallaci ana miƙa masa dabino ba. Ladani aka naɗa shi, shi da Bilalu (RA). A cikin Bukhari da Muslim ya zo cewa Bilalu ne yake kiran farko da sauran dare, mai azumi ya ci gaba da sahur har sai Ɗan Ummi Maktum ya kira. Ku lura da kyau, jama'a: kiran da ke tsayar da cin abinci, wanda sai an tabbatar alfijir ya keto, shi aka damƙa wa mutumin da ba ya gani. Yaya aka yi? Hadisin ya bayyana cewa ba ya kira sai an gaya masa gari ya waye. Yana da murya, yana da amana, abu ɗaya ya rasa, sai aka sa wani ya cike masa wannan gurbin. Shi ke nan fa.

Bayan wannan, Annabi (SAW) ya sha barin sa a Madina yana jan mutane salla idan an fita yaƙi. A zamanin Sayyidina Umar kuma ya halarci Ƙadisiyya riƙe da tuta.

A cikin tabi'ai akwai Aɗa'u ɗan Abi Rabah, wanda ya rasu a wajen shekara ta 114 bayan Hijira. Masu tarihi sun siffanta shi da ɗingishi da shanyewar hannu, a ƙarshen rayuwarsa kuma ya makance. Shi ne mai fatawar Makka a zamaninsa. Akwai Abdurrahman ɗan Hurmuzu, almajirin Abu Huraira (RA), wanda duk ɗalibin Muwaɗɗa ya san shi da laƙabin Al-A'araj, wato mai ɗingishi, kuma rubuta Alƙur'ani yana cikin aikinsa. A zamaninmu, Shehu Abdul'aziz bin Baz makaho ne tun yana saurayi, ya rasu a 1999 yana babban mai fatawar Saudiyya.

Gaskiya ne Alƙur'ani ya ɗauke wa makaho da gurgu da mara lafiya laifi a wasu wurare, kamar aya ta 17 a Suratul Fathi game da fita yaƙi. Wannan sauƙi ne Allah Ya yi musu a kan abin da ba za su iya ba. Kada mu mayar da shi hujjar hana su abin da za su iya.

A gida ma mun san haka. Wa bai san makafi da tufkar igiya ba? A Kano akwai ƙungiyar waɗanda shan inna ya taɓa da suke walda suna ƙera keken guragu da hannunsu suna sayarwa. Kurame suna kafinta, suna ɗinki, suna gini. Mu ne dai idan muka zo Legas muke mantawa, mu ɗauka naƙasasshe ba shi da hanya sai ƙoƙon bara.

Ita kuwa barar a nan garin ta zama haɗari. Gwamnatin jiha tana kamen mabarata a kan titi, ana kai wasu Majidun ta wajen Ikorodu. Wanda ya taɓa leƙa gidan gajiyayyu na Okobaba a Ebute Metta ya san da wane harshe aka fi magana a ciki. 'Yan'uwanmu ne, kuma idan maƙwabtanmu Yarbawa suna yi wa Bahaushe gori, da wannan suke farawa. Naira ɗari biyun da ka miƙa ran Juma'a alheri ce, Allah Ya karɓa, amma ba ta raba mutum da gadar sama ran Litinin.

Na biyu: abin da kamfanonin da ake yabo suka yi

Mu ɗauki misali guda don mu ga yadda abin yake a aikace. A Amurka akwai kamfanin sayar da magunguna mai suna Walgreens. A shekarar 2007 ya buɗe wani ƙaton sito a garin Anderson, jihar Karolina ta Kudu, inda ake tara kaya ana rarraba wa shaguna. Wanda ya jagoranci shirin, Randy Lewis, yana da ɗa mai lalurar ƙwaƙwalwar nan da ake kira galahanga, kuma tunanin makomar yaron ne ya zaburar da shi. Sama da kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatan wannan sito masu naƙasa ne. Sharaɗin da suka kafa shi ne aiki iri ɗaya, albashi iri ɗaya, kuma ana auna kowa da ma'auni ɗaya. Suka sauƙaƙa allon kwamfuta da hotuna maimakon dogon rubutu, suka yi teburan aiki da ake iya ɗagawa ko saukewa daidai da mutum. Gyaran ya amfani har masu lafiyar. Wasu manyan kamfanoni suka riƙa zuwa ganin yadda aka yi don su kwaikwaya.

Ka ga abin da aka yaba musu a kai shi ne abin da aka yi wa Ɗan Ummi Maktum: a duba abin da mutum ya iya, a gyara abin da ya tokare shi, a ba shi aikin gaske.

A nan ƙasar ma akwai doka, ya kamata mu san ta. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya. Ta nemi ma'aikatun gwamnati su ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga. Wanda aka kama da laifin wariya, in kamfani ne tarar naira miliyan 1, in mutum ne naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun. Jihar Legas tana da tata dokar tun 2011, da ofishin da ke kula da su wanda ake kira LASODA. Ranar 3 ga Disamba kuma ita ce ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware domin masu naƙasa.

Wani zai ce, "Malam, ai mu ba kamfani ba ne." Haka ne. To amma a Mile 12 da mayankar Oko-Oba da kasuwar Agege, yara nawa ne suke cin abinci a ƙarƙashin 'yan kasuwarmu? Kowane maigida yana da mai riƙe littafi, mai karɓar kuɗi, mai amsa waya, mai jiran shago. Wanne ne a ciki yake buƙatar gudu? Gurgu zai zauna a kan na'urar POS tun safe har dare. Kurma zai yi ɗinki, ya gyara waya, ya auna hatsi ya ɗaure, ku yi magana da hannu ko da saƙon waya. Makaho zai riƙe wayar ciniki tsakaninka da masu lodi a Dawanau, don wayoyin yanzu suna karanta masa abin da ke kan allo, kuma da yawansu haddarsu ta fi littafinka. Zabiya, wanda rana ke ƙona masa fata, sa shi a cikin inuwar shago maimakon talla a titi.

Haƙƙinsa idan ka ɗauke shi

Nan ne fa ake zamewa. A fiƙihu wannan babin ijara ne, kuma sharaɗinta aiki ya zama sananne, lada ya zama sananne tun kafin a fara. Don haka:

1. Ku yanke albashi a fili, ya yi daidai da na mai lafiyar da ke irin wannan aikin. Kada ka ce "ai taimakonsa nake" ka rage masa. A cikin Bukhari, a hadisin ƙudusi, Allah Ya ambaci mutum uku da Shi da kanSa zai yi jayayya da su ranar ƙiyama, cikinsu har da wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago ya sa shi aiki ya cika, sannan ya hana shi ladansa.

2. Kada ka lissafa zakkarka a matsayin albashinsa. Albashi bashi ne a kanka. Idan ya cancanci zakka, ba shi daban, ya san wannan daban wannan daban.

3. Gyaran wuri a kanka yake. Katako biyu a kan kwata don keke ya haye, kujera daidai tsayinsa, hanyar bayi da wurin alwala. Yawancin wannan bai kai kuɗin buhun shinkafa ba. Tambaye shi abin da yake buƙata, ya fi ka sani.

4. Kira shi da sunan da ubansa ya raɗa masa, ka kuma hana yaran shago zolayarsa. Suratul Hujurat ta hana jifan juna da laƙabi.

5. In ya yi kuskure gyara masa, in ya yi ha'inci ka hukunta shi kamar kowa. Lallaɓawar da ta wuce kima ita ma raini ce.

Ku kuma 'yan'uwa masu lalura, amana ta hau kanku. Annabi (SAW) ya nuna cewa mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar ya fi masa alheri a kan roƙon mutane. Na san wata rana abin da ake samu a bara ya fi albashin yaron shago. Amma Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Wanda lalurarsa ta yi tsananin da ba zai iya komai ba, wannan ciyar da shi wajibi ne a kan jama'a, ba da shi muke ba.

Na uku: yabo da riya

A cikin Sahihu Muslim, daga Abu Zarri (RA), an tambayi Annabi (SAW) game da mutumin da ya yi aikin alheri mutane suka yabe shi a kai. Ya amsa cewa wannan bushara ce da aka gaggauto wa mumini tun a duniya. Riya ita ce ka yi aikin domin a yabe ka. In don Allah ka yi, yabo ya biyo baya, ladanka yana nan. Barin alheri don tsoron bakin mutane kuwa tarkon Shaiɗan ne.

Ga yadda za ka gwada zuciyarka. In ba wanda ya sani, za ka ci gaba da biyan sa? In ciniki ya ja baya, shi za ka fara sallama? Kana ɗaukar hotonsa kana yaɗawa a WhatsApp ba da izininsa ba? Amsar tana wajenka.

Shawarata ga kwamitin masallaci: yadda muke karanta sunayen waɗanda suka ba da siminti da tabarmi, mu riƙa ambaton 'yan kasuwar da suka ɗauki mai lalura aiki suka riƙe shi shekara guda da cikakken albashi, in su da ma'aikacin sun yarda. A yi musu addu'a a bainar jama'a, mu kuma kai cinikinmu shagunansu. Mu fara da kanmu kuma: matakalar ƙofarmu da wurin alwala, mai keke zai iya shiga ba tare da an ciccibe shi ba?

Aikin gida na wannan mako: kowane maigida ya ƙirga ayyukan da ke shagonsa, ya ware ɗaya da mai lalura zai iya. Kafin ka miƙa sadaka yau a bakin ƙofa, tsaya ka yi sallama, ka tambayi sunansa da sana'ar da ya iya. Wanda yake da gurbi da wanda yake neman aiki, duk su ga sakataren kwamiti bayan salla.

Shi kuwa ɗan'uwanmu mai hatsi, na ce masa ya je ya ɗauki yaron, su yanke albashi a gaban shaidu biyu.

Allah Ya sa wa kasuwancinmu albarka, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kiyaye mu a wannan baƙunci, Ya mayar da mu gida da alheri. Wallahu a'alam. Sai Juma'a mai zuwa in muna da rai.