Na'urar Kwashe Kumfa: Yadda Ake Tsabtace Ruwan Kifin Teku a Akwatin Gilashi

Kifin teku da ake kiwo a akwatin gilashi yana rayuwa ne cikin ruwan da ba shi da mafita. Kashinsa da ragowar abincinsa suna narkewa a ciki, ƙwayoyin bakteriya kuma su mayar da su amoniya, wadda guba ce ga kifi ko da kaɗan ce. Don haka ake amfani da na'urar kwashe kumfa, domin ta fitar da dattin tun kafin ya ruɓe.

Yadda take aiki

Furotin da dangoginsa suna da ɓangare biyu, kamar sabulu: ɗaya yana son ruwa, ɗaya yana gudunsa. Idan aka cika bututu da ƙananan ƙwayoyin iska, ɓangaren da ke gudun ruwa sai ya manne musu. Daga nan kumfar ta taso da dattin, ta zuba cikin kofin da ke saman na'urar. Iskar kan shiga ne ta wani matsattsen wuya inda ruwa ke ƙara gudu har ya zuƙo ta, dabarar da ke ɗauke da sunan masanin Italiya Giovanni Venturi, wanda ya bayyana ta a 1797.

Abin lura a nan shi ne girman ƙwayar iska. Idan faɗinta ya ragu da rabi, filin da datti zai manne wa yakan ninka sau biyu, alhali yawan iskar bai canza ba. Ruwan teku, mai gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, yana hana ƙwayoyin haɗewa su girma. Wannan ne dalilin da ya sa na'urar ba ta cika yin amfani a ruwan daɗi ba.

Daidaita na'urar

Bawul ɗin mafitar ruwa shi ke ɗaga ruwan cikin bututu ko ya saukar da shi. Idan ruwan ya yi sama, kofi yakan cika da wuri da ruwa mai launin shayi. Haɗarin shi ne ruwan gishiri ne ke fita. Idan ana cike gurbinsa da ruwan daɗi, gishirin akwatin zai yi ta raguwa har ya cutar da kifi. Idan kuwa ya yi ƙasa ainun, kumfa ba za ta kai kofi ba. Saboda haka ana juya bawul kaɗan kaɗan, a jira sa'o'i kafin a sake taɓa shi. Sabuwar na'ura takan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ta daidaita, kuma maiƙon abinci ko na hannu yakan kwantar da kumfa na ɗan lokaci.

Gudun famfo

Idan ruwa ya ratsa na'urar da sauri fiye da kima, datti ba ya samun lokacin mannewa. Cikin akwatin kuwa, masu kiwon murjani sukan so ruwan ya juya aƙalla sau 10 a sa'a, wato akwati mai lita 200 yana bukatar lita 2,000 a sa'a. Ana rage gudun famfo ne ta mafitarsa. Toshe mashigarsa yakan lalata shi.

Aikin ɗalibai

A zuba ɗan farin ƙwai cikin kwalabe biyu, ɗaya mai ruwan daɗi, ɗaya mai ruwan gishiri giram 35 a lita. A girgiza su daidai wa daida, a auna tsawon kumfar kowacce da lokacin da ta ɗauka kafin ta kwanta.