Sun ƙi faɗa mini gaskiya a kan tazarar haihuwa

Tambaya: Anti, an tura ni gida-gida in tambayi matan aure abin da ya hana su yin tazarar haihuwa. Kowacce sai ta ce mini "haka kawai". Yaya zan yi?

Amsa: Ƙanwata, duba inda kike yin tambayar. Matar da uwar miji ke zaune kusa da ita tana tsince shinkafa, kishiya na kasa kunne daga madafi, me za ta ce miki? Ki gaida manyan gida, ki nemi izini, sannan ku keɓe a ɗaki. Ki tabbatar mata sunanta ba zai fita ba, kuma tana da damar ƙin amsawa.

Kada ki fara da "me ya sa ba kya yi?", tuhuma ce. Tambayi lafiyar goyonta, yadda haihuwar baya ta zo, wata nawa tsakanin yaran. A nan za ki ji ainihin zancen: maƙwabciya ta yi allurar wata uku jininta ya rikice, ko ana cewa ashanar hannu tana ɓacewa a jiki, ko maigida bai yarda ba. Wata kuma 'ya'yan take so da yawa, ki rubuta hakan yadda ta faɗa, ba tare da wa'azi ba.

Aikinki ba ƙarami ba ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 12 cikin ɗari kacal na matan aure a Najeriya ke amfani da hanyoyin zamani. Wadda ta nemi ƙarin bayani, ki haɗa ta da ungozomar asibitin unguwarsu.